Tambaya da Amsa: Shin ya dace 'ya'yanmu su karanta tatsuniyoyin Girkawa?

Tambaya: Malam, ina zaune a Agege, kuma 'yata da ke firamare ta zo da littafin makaranta mai ɗauke da tatsuniyoyin mutanen Girka na dā. Na ji an ce masu bautar gumaka ne. Shin akwai abin da yarinya Bahaushiya za ta ƙaru da shi a ciki?

Amsa: Hajiya, Allah ya saka miki da alheri da kika damu da abin da 'yarki take karantawa. Yawancin waɗannan tatsuniyoyi ana jingina su ga wani mutum mai suna Isof, wanda ake kyautata zaton ya rayu a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Masanin tarihi Hirodotas ya ambata cewa bawa ne a tsibirin Samos, kuma sai bayan mutuwarsa da ɗaruruwan shekaru aka tattara labaran a rubuce. Gaskiya ne Girkawan wancan zamani suna da gumaka, sunayensu ma suna fitowa a wasu labaran, amma mafi yawansu dabbobi ne ke magana domin a nuna halin ɗan Adam, kamar yadda Gizo da Ƙoƙi suke yi a namu.

Shawarata ita ce ki zauna da ita, duk labarin da ta karanta ki nema masa karin maganarmu. Karen da ya saki naman bakinsa domin ya ga inuwarsa a cikin ruwa, ya zaci wani kare ne da tsoka mafi girma, ai kwaɗayi mabuɗin wahala ke nan. Makiyayin da ya riƙa yi wa mutanen gari ƙaryar zuwan kyarkeci, har ranar da ya zo da gaske ba wanda ya kawo masa ɗauki, ya tabbatar da cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Kunkurun da ya tsere wa zomo kuwa, sannu ba ta hana zuwa. (A nan Legas za ta ji maƙwabtanmu Yarbawa suna ba da labarin kunkuru mai wayo da haɗama, Ijapa, don haka ki nuna mata cewa kowace al'umma da irin halin da take ba dabba.)

Inda nake so ki tsaya sosai shi ne labarin tururuwa da fara. Fara ta ɓata lokacin aiki tana waƙa, da sanyi ya shigo ta je roƙon abinci, tururuwa ta kore ta da gori. Darasin tanadi da ke ciki mai kyau ne, musamman ga yaron da ke tasowa a garin da kuɗin haya da na mota ke cinye abin da aka samu. Sai dai mu ba a tarbiyyantar da mu a kan korar mai yunwa ba, ko da shi ya jawo wa kansa, kuma Alƙur'ani ya hana kyarar mai roƙo. Idan kun kai wannan labari, ki tambaye ta abin da za ta yi da a ce ita ce tururuwar, ki kuma bar ta ta gama amsawa kafin ki faɗi naki ra'ayin.