Daga Kwando Zuwa Gadon Gefe: Tambayoyinku Kan Barcin Jariri

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya cika wata uku da sati biyu, nauyinsa kilo 6.5. Tun haihuwarsa a kwandon jarirai mai hannuwa biyu yake kwana kusa da gadona. Yanzu in ya miƙe, kai na taɓa sama, ƙafa na taɓa ƙasa, hannunsa na bugun gefe ya farka. Takardar kwandon ta ce yana ɗaukar har kilo 9. In jira ya kai, ko in mayar da shi ƙaramin gadon da ake mannawa da nawa? — Uwar ɗan fari

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, kada ki jira. Kilo 9 ɗin nan iyakar abin da gindin kwandon zai iya ɗauka ne, kuma yara da yawa kan fi ƙarfin kwando tun ba su kai wannan nauyin ba. Abin dubawa shi ne abin da yaron ya fara iyawa. Da zarar ya soma yunƙurin birkicewa, ko yana dafa hannu yana ɗaga ƙirji, ko tsawonsa ya cika kwandon, to zamansa a ciki ya ƙare. Yawanci hakan na faruwa tsakanin wata uku da huɗu, wato daidai inda ɗanki yake.

Dalili kuwa, kwando ba shi da zurfi, ba shi da nauyi. Yaron da ya jingina duk jikinsa a gefe ɗaya zai iya karkatar da shi daga kan abin da aka ɗora shi. Ko bai faɗi ba, in ya juya a wuri mai matsi fuskarsa za ta nutse a rufin yadin da ke jikin kwandon, ba shi da filin da zai kau da kai. Sannan tsakanin wata biyu zuwa huɗu ne mutuwar fuju'a ta jarirai a cikin barci ta fi yawa, kuma mafi yawanta kafin wata shida take aukuwa. Shi ya sa ake son yaro ya kwana ɗaki ɗaya da iyayensa aƙalla wata shida na farko, amma a kan shimfiɗarsa shi kaɗai. Gadon gefe, wato ƙaramin gadon da ake mannawa da naki, ya haɗa miki biyun: yana kusa da hannunki, bargonki da filonki kuma ba sa kai wa gare shi.

Ki sani shi ma gadon gefen na ɗan lokaci ne. Yawancinsu sun tsaya a wata shida ko kilo 9, ko ranar da yaro ya fara zama ko kama abu ya miƙe, duk wanda ya riga zuwa.

Tambaya: Na sayi gadon gefe, na haɗa shi da kaina. Amma akwai 'yar rata tsakaninsa da katifarmu, yatsu uku na shiga. Maiɗakina ta cusa tawul a wurin. Hakan ya wadatar? — Wani magidanci

Amsa: Malam, a cire tawul ɗin tun yau, a ɗage bangon gadon a kulle shi har sai an gyara. Wannan ratar ita ce babban haɗarin irin wannan gado. Jikin jariri siriri ne, kansa kuma babba. In ya gangara, jikin zai zurma, kan ya maƙale, fuska ta danne a jikin katifa. Tawul ko filo ba ya toshe ramin, sai dai ya ɓoye shi, ya kuma ƙara abu mai laushi a inda hancin yaro zai faɗa.

Ka sake haɗa shi daga farko. Fara da tsayi. Ƙafafun gadon suna da matakai na ɗagawa da saukewa. Ka tabbata ɓangarorin biyu suna kan mataki ɗaya, don ana yawan kuskuren barin ɗaya sama da ɗaya, gadon ya karkace ba a lura ba. Idan an sauke bangon da ke fuskantar gadonku, bakinsa kada ya ɗara saman katifarku. In ya ɗara, wuyan yaro na iya sarƙewa a kansa. Ƙa'idar Turai da aka sabunta a 2019 ta wajabta a bar ɗan shinge mai tsayin aƙalla santimita 12 a wannan gefen ko da an sauke shi, don kada yaro ya mirgino cikin shimfiɗar manya. Tsofaffin samfura da bangonsu ke sauka gaba ɗaya ba su da wannan kariyar.

Sai madauri. Gadon na zuwa da ɗamara guda biyu. A zagaya su ta jikin katakon gadonku ko ta ƙarƙashin katifa zuwa ɗaya gefen, gwargwadon yadda takardar ta nuna, a ja su har gadajen biyu su manne. Ragowar igiyar a naɗe ta a ƙasa inda hannun yaro ba zai kai ba. In akwai tayoyi, a taka birkinsu. Daga nan ka gwada: sa hannu ka tura gadon yaron da ƙarfi, ka jawo shi, sannan ka kwanta a bakin katifarku ka ga ko nauyinka na buɗe rami. Katifa mai laushin baki kan lotsa ta bar rata da daddare alhali da rana ba a ga komai ba. A riƙa maimaita wannan gwajin kowane dare, musamman bayan an canza zanin gado, domin ɗamara na sassautawa.

Akwai gadajen da ba sa karɓar wannan haɗin ko yaya aka yi, kamar wanda katakonsa ya fito waje fiye da katifa, ko wanda ya yi ƙasa sosai. In naku irin wannan ne, a bar bangon a ɗage, a ajiye gadon yaron a kusa kawai. Ba a rasa komai ba sai ɗan sauƙin miƙa hannu. Haka kuma duk lokacin da yaro ke ciki babu babba a kan gado, bangon a ɗage yake zama.

Tambaya: Kwana uku ke nan da na mayar da 'yata sabon gadon. Da na ajiye ta sai ta zabura ta fashe da kuka. An ce in zagaye ta da filo ko in naɗe bargo a gefenta don ta ji kamar tana kwando. Ya zan yi? — Mahaifiyar da barci ya ƙaurace wa

Amsa: Sannu da fama, 'yar'uwa. Wanda ya ba ki shawarar ya gano ciwon, amma maganin nasa ya fi ciwon muni. Gaskiya ne ta saba da matsi, yanzu ta ji fili. Sai dai filo, naɗaɗɗen bargo, 'yar tsana, soson da ake ɗaurawa a jikin sanduna, da irin shimfiɗar nan mai tudu kewaye da ake sayarwa kamar sheƙar tsuntsu, duk ba su da wuri a gadon jariri. In hancinta ya shiga cikin abu mai laushi, iskar da ta fitar ita za ta riƙa shaƙa, kuma wuyanta bai yi ƙwarin da za ta janye ba. A Amurka, dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta haramta sayar da sosan jikin sandunan gaba ɗaya. Abin da ya kamata ya kasance a gadon uku ne: katifa mai tauri a miƙe, zanin da ya kama ta tsam, da yarinyar.

Ga abin da ke taimakawa. Ki fara da barcin rana na farko, lokacin da ba ta gaji sosai ba, ki bar na dare sai ta ɗan saba. In tana farke cikin nishaɗi, ki sa ta a ciki minti biyar ko goma kina mata wasa, don wurin ya daina zama baƙo. Ki kwana a kan zaninta dare ɗaya kafin ki shimfiɗa mata, ƙamshinki zai kama shi. Amma kada ki bar rigarki ko ɗankwalinki a ciki.

Zaburar da take yi kuwa halitta ce: jariri in ya ji kansa ya yi baya, sai ya ware hannuwa kamar zai faɗi. Don haka ki sunkuya da ita manne a ƙirjinki, ƙafa ta fara sauka, sai mazaunai, kai a ƙarshe. Ki bar tafin hannunki a ƙirjinta kamar minti ɗaya kafin ki janye a hankali. In ta yi kuka ki fara lallashi tana kwance, in ya ƙi ki ɗauka, ta yi shiru ki mayar. Yawancin yara na sabawa cikin sati guda. Ki kuma lura cewa wajen wata huɗu tsarin barcin jarirai kan sauya, su riƙa farkawa akai-akai ko ba a canza musu wuri ba, don haka ba kowane kuka ne laifin gadon ba.

Za ki ji ana cewa a saka kwandon a cikin sabon gadon na 'yan kwanaki. Wannan dabara ta babban gadon yara ce mai zurfi. A gadon gefe tana ɗaga yaro kusa da bakin shinge, ba mu ba da shawararta.

Abin da muka fi jin tsoro a irin waɗannan darare shi ne gajiyarki. Kada ki koma doguwar kujera ki shayar da ita kina gyangyaɗi. Barci da jariri a kan kujera na ninka haɗarin mutuwa sosai, ya fi na gado nesa ba kusa ba, don yaro kan zame tsakanin jikin babba da soson kujera. In kin san barci zai iya sace ki, gara ki shayar a kan gado bayan kin kau da filo da bargo, in kin farka ki mayar da ita wurinta. Haɗa shimfiɗa da jariri kuma ya fi haɗari in bakwaini ne, ko an haife shi ƙasa da kilo 2.5, ko ɗaya daga cikin iyaye na shan taba ko ya sha wani abu mai sa maye ko barci.

Tambaya: Yarona na yawan tumbuɗi. Ina tsoron ya ƙware in na kwantar da shi rigingine. Gadon yana da inda ake ɗaga wajen kai. In ɗaga, ko in kwantar da shi ta gefe? — Wata mai shayarwa

Amsa: Ko ɗaya. Rigingine, a shimfiɗa miƙaƙƙiya, dare da rana. Tsoron naki kowace uwa na da shi, amma yadda aka halicci maƙogwaro ya amsa shi. Hanyar iska tana gaba, hanyar abinci tana bayanta. In yaro na rigingine, hanyar abinci ce a ƙasa, abin da ya taso sai ya koma inda ya fito ko ya haɗiye shi. In yana rub-da-ciki, hanyar iska ce ke komawa ƙasa, nonon ya taru a bakinta. Kwanciyar gefe kuwa ba ta tsayawa, daga ita sai kifewa. Tun da aka fara wayar da kai kan kwantar da jarirai rigingine, a Birtaniya a 1991, a Amurka a 1994, mutuwar fuju'a ta jarirai a cikin barci ta ragu da fiye da rabi a ƙasashen biyu.

Ɗaga wajen kai ba ya rage tumbuɗi yadda ake zato. Abin da yake yi shi ne yaro ya zame ƙasa, haɓarsa ta faɗa kan ƙirji, hanyar numfashi ta matse. Saboda wannan ne Amurka ta hana sayar da shimfiɗun barcin jarirai da karkatarsu ta wuce digiri 10, kuma shi ne dalilin da ake cire yaro daga kujerar mota da zarar an iso gida. Ki riƙe shi a tsaye a kafaɗarki minti 20 bayan ya sha, ya yi gyatsa, sannan ki kwantar. In tumbuɗin na fitowa da ƙarfi kamar an watsa, ko yana da launin kore ko jini, ko yaron ba ya ƙara nauyi, wannan na likita ne, ba a kwana da shi.

Tambaya: Me zan lulluɓa masa, kuma in ya juya da kansa cikin dare fa? — Uwar yaro ɗan wata biyar

Amsa: Zafi ya fi sanyi haɗari ga jariri mai barci. Ma'aunin da ake so a ɗaki shi ne digiri 16 zuwa 20. Inda ya fi haka zafi, 'yar riga mara nauyi da kunzugu sun isa, fanka kuma kada ta fuskance shi kai tsaye. Babu hula a cikin ɗaki, don ta kai yake fitar da zafi. Ki taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa. In da gumi, ki rage kaya. Sanyin tafin hannu da ƙafa ba ma'auni ba ne.

Rigar barci mai kama da buhu, mai wuya da hammata daidai jikinsa, ta fi bargo, matuƙar kansa ba zai iya zurmawa ta wuyan ba. In bargo za ki sa, ya zama mara kauri, ƙafar yaron na taɓa ƙarshen gadon, ki soke bargon a ƙarƙashin katifa ta gefe uku, kada ya wuce hammatarsa. Naɗe jariri da zani kuwa ana daina shi da zarar ya fara yunƙurin juyawa, domin in ya kife hannuwansa a ɗaure ba shi da abin da zai ɗaga kansa.

Ki ci gaba da kwantar da shi rigingine har ya shekara. In bai iya komawa da kansa ba tukuna, ki mayar da shi duk lokacin da kika gan shi a kife. Da rana yana farke ki riƙa sa shi rub-da-ciki kina kallonsa, wuyansa da kafaɗunsa su yi ƙwari. Ranar da ya iya juyawa gaba da baya ba taimako, ki bar shi yadda ya zaɓa. Amma wannan alama ce ta fara shirin babban gadon yara: sandunansa kada tazararsu ta wuce santimita 6, katifar ta cika shi yadda fiye da yatsu biyu ba za su shiga gefenta ba, kuma a ajiye shi nesa da igiyar labule da wayar caji.