Tambaya da Amsa: Yakushin Kyanwa ga Mai Raunin Garkuwar Jiki

Tambaya: Likita, yayana yana ɗauke da cutar ƙanjamau. Tun da 'yar kyanwa ta yakushe shi zazzaɓi ya ƙi sakinsa, ga kuma jajayen ƙuraje masu zubar da jini da zarar an taɓa su. Ta yaya za a gane ko daga kyanwar ne?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya. Abin da za a fara zargi shi ne ƙwayar bakteriya mai suna Bartonella henselae, wadda ƙuma ke yaɗawa tsakanin kyanwoyi. Ga mai raunin garkuwa, musamman idan ƙwayoyin CD4, wato ƙwayoyin jini masu kare jiki daga cuta, sun gaza 100 a gwaji, takan haddasa irin waɗannan ƙuraje, har ta taɓa hanta da saifa.

Gwajin jini kaɗai bai isa ba, domin jikin da ya raunana ba lallai ya samar da sinadaran kariyar da gwajin ke nema ba. Ƙurajen kuma suna kama da sankarar Kaposi (wata irin sankara da ke fitowa a fata) ƙwarai, shi ya sa ake yankar ɗan nama daga jikin ƙurajen a duba da madubin likita, a haɗa da gwajin PCR mai gano ƙwayoyin halittar bakteriyar. Ku kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba, kuma ku gaya wa likita zancen yakushin ko da bai tambaya ba.