Na haddace disertasiyo ashirin, me ya sa nake samun 7 bisa 20?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a ajin tarminal A, ajin ƙarshe na sakandare, a Maraɗi. BAK, jarrabawar kammala sakandare, ta matso, ga shi a jarrabawar gwaji 7 bisa 20 na samu a Faransanci, alhali na haddace disertasiyo, wato dogon rubutun tattauna batu, kusan ashirin daga wani ɗan littafin gyararrun amsoshi da muka saya. Yayana kuma cewa yake in daina wahalar da kaina, wai an yi watsi da Faransanci a ƙasar nan. Ko barci ba na iya yi.

Amsa: 'Yata, Allah ya kwantar miki da hankali. Zancen yayanki rabinsa gaskiya ne. A watan Maris na 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, kundin sake gina ƙasa kuma ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Amma takardar BAK da Faransanci za ta zo miki, in kin shiga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ma da shi za ki yi karatu.

Ɗan littafin nan shi ne ciwonki, kuma shi ne abin da ya fi ɓata mini rai a aikin nan. Kowace shekara wasu da ba su taɓa gyara takarda ko ɗaya ba sai su tattaro tsofaffin amsoshi, su yi fotokwafi, su sayar a bakin lise, wato makarantun sakandare, ko su watsa a WhatsApp suna cewa "wannan ne zai fito". Ku kuma ku zauna kuna haddacewa kamar karatun allo. To hadda da wurinta, amma ban da nan. Mai gyara yana da ɗaruruwan takardu a gabansa. In ya ga gabatarwa iri ɗaya sau talatin, da zance iri ɗaya da aka jingina wa marubucin Faransa Victor Hugo, wani lokaci ma bai taɓa faɗinsa ba, a layi na uku ya gane. Mafi muni, an tambaye ki ko marubuci yana iya canza al'ummarsa, ke kuma kika juye abin da kika haddace kan amfanin karatun littafi. Jimlolinki sumul, ba kuskure, amma kin bar tambayar. Fita daga batu shi ke jefa ɗalibi ƙasa da 8 ko da nahawunsa ya fi na malaminsa. Na sha ganin yarinya mai Faransanci mai rauni ta haye, don ta tsaya kan abin da aka tambaye ta, mai hadda kuwa ta tafi zagaye na biyu na jarrabawar tana kuka. Masu sayar da takardun sun ci kuɗinsu, ba wanda zai neme su ranar sakamako.

Ki ajiye littafin. Kowane mako ki ɗauki batu biyu na shekarun baya, ki ba kowanne rabin sa'a: ki ja layi ƙarƙashin manyan kalmomi, ki sake faɗin tambayar da bakinki, da Hausa ma in kin ga dama, sannan ki fitar da matsalar da batun ya ƙunsa da kuma tsarin amsa. Ranar Asabar ki rubuta guda cikakkiya cikin sa'a 4, agogo a gabanki, ki kai wa malaminki. Misalai kuma daga littattafai uku da kika karanta da kanki za ki ɗebo. Sarraounia na Abdoulaye Mamani, na 1980, kaɗai ya ishe ki misali kan mulkin mallaka da matsayin mace. Ranar jarrabawa kada ki ɗauka dole sai disertasiyo: ki karanta batutuwan uku duka, in taƙaita rubutu ko sharhin nassi ya fi zauna miki, shi za ki ɗauka.