Amsa: Ƙanƙancewar taimos ce ke jefa mutum doguwar suma?

Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ka tambaya ko ƙanƙancewar taimos, wani ɗan sashen jiki da ke cikin ƙirji, ita ce ta jefa shi doguwar sumar da yake ciki a asibitin Shika. A'a, ba ita ba ce.

Ɗora yatsa a saman ƙashin ƙirjinka: a bayansa taimos take, gaban zuciya. Ƙwayoyin T masu yaƙi da cuta daga ɓargo suke fitowa, amma a taimos ake horar da su su bambance jikin mutum da baƙo. Wanda ya kasa, ko ya nemi far wa jikin, a nan ake kashe shi. Sai 1961 wani masanin kimiyya, Jacques Miller, ya gano wannan aikin. Taimos tana kai ƙarshen girmanta wajen balaga, sannan kitse ya riƙa cin wurinta. Kowane dattijo haka tasa take, amma ƙwayoyin da ta horar suna nan suna aiki.

Doguwar suma kuwa daga ƙwaƙwalwa take: bugun kai, shanyewar ɓarin jiki, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko faɗuwar sukari. Likitoci na duba buɗe ido, magana da motsi, su ba da maki daga 3 zuwa 15. Daga 8 zuwa ƙasa ita ce sumar. Tambaye su makinsa kullum.

Don Allah a hana ɗura masa ruwa ko rubutu da cokali. Na ga gwaggota ta yi wa mijinta haka don ƙauna, ya sarƙe, ruwan ya gangara huhu. Ku riƙe hannunsa, ku kira sunansa, ku yi masa addu'a kusa da kunne.