Ku Tambayi Anti: An Gayyace Ni Taron Masu Karen Basset, Me Zan Je In Tarar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ni ɗaliba ce a nan Ingila, akwai wata tsohuwa baturiya maƙwabciyata mai kirki wallahi, ita ke karɓar min saƙo in ba na gida, tana da wani kare gajere mai kunnuwa har ƙasa wai shi basset hound, to shine jiya ta kawo min takarda wai ƙungiyarsu ta masu irin karen za su yi taron shaƙatawa na bazara da gasar karnuka, tana so in raka ta tunda ɗanta ba zai samu zuwa ba. Ni kuma Anti tsoron kare nake ji, ban ma gane me ake yi a wurin ba, tsere ne ko faɗa ake haɗa su? Kuma kunyar ce mata a'a nake yi.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki shirya ki raka baiwar Allah nan. Ba faɗa ake haɗa su ba ko kusa, haɗa karnuka faɗa ma laifi ne a dokar Ingila tun 1835, kuma in akwai karen da mai tsoro zai fara sabawa da shi to wannan ne.

Bari in fara gaya miki ko wane ne shi, don tsoro rabinsa rashin sani ne. Asalinsa daga Faransa yake, sunan ma daga kalmar Faransanci ce "bas" wato abu mai ƙasa-ƙasa. Mafarautan zomo ne suka raine shi, waɗanda ba su da doki a ƙafa suke tafiya, suna son kare mai hanci sosai amma wanda ba zai zura da gudu ya bar su a baya ba, shi ya sa kika ga ƙafafun nan gajeru. Tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa santimita 33 zuwa 38 ne kawai amma ki gwada ɗaga shi ki ji, yana kai kilo 25 zuwa 30 wani ma ya wuce, babban kare ne sosai ƙafa ce kawai ba shi da ita. Wajen bin ƙamshi kuwa masu kiwo suna sa shi na biyu bayan wani karen farauta da ake kira bloodhound. Kuma da yake a garke ake fita da su farauta tun asali, sun saba da cuɗanya, ba su cika zafin rai ba, shi ya sa za ki ga an tara su da yawa a fili ɗaya ba rigima sai shinshine-shinshine. A Ingila wani mai suna Everett Millais ne ya fito da shi fili, ya sayo wani da ake kira Model daga Faransa a 1874, daga baya har Sarauniya Alexandra matar Sarki Edward na 7 ta riƙa kiwonsu a gidansu na Sandringham. In kin taɓa ganin takalmin Hush Puppies, karen da ke jikin tambarin shi ne wannan.

To gasar karnuka iri biyu ce, kar ki haɗa su. Akwai ta gaske wadda hukumar rajistar karnuka ta Kennel Club da aka kafa a 1873 ke kula da ita, babbarta ita ce Crufts da ake yi tun 1891, yanzu a Birmingham duk watan Maris, can sai kare mai rajista da takardar asali, alƙali ya duba haƙora ya shafa ƙashin baya ya sa a zagaya da shi ya ga tafiyarsa, kowa ya sha mur. Wanda za ku je ba haka yake ba. Fili ne na ciyawa, an kewaye tsakiya da igiya, mutane sun kafa rumfuna sun baza kujeru da tabarmi, ana sayar da shayi da kek, ba wanda zai tambayi takardar karen kowa, a nan bakin tebur ake biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a rubuta sunan kare a rukunin da ake so. Rukunan ne ma za su ba ki dariya: wanda ya fi kaɗa wutsiya, wanda ya fi dogon kunne, tsohon da ya fi kyan gani wato daga shekara 7 zuwa sama, ɗan kwikwiyon da ya fi kyau, wanda aka ceto daga wahala ya murmure, sai wanda alƙali zai fi son ya tafi da shi gida. Kyautar kuma ba kuɗi ba ce, wani ɗan fure ne na ƙyalle da suke kira rozet, a Ingila ja ne na ɗaya, shuɗi na biyu, rawaya na uku, sai a haɗa da ɗan biskit na kare.

Ki tsaya ki kalli tseren in an yi. Na taɓa halartar irinsa, an jera su a layi masu su na can ɗaya gefen suna ta kwaɗa musu kira suna ɗaga sosej sama, aka hura usur, biyu suka taho kunnuwa na lilo kamar za su tashi, ɗaya ya yi taku huɗu ya kafa hanci a ciyawa ya bi wani ƙamshi ya yi gefe abinsa, wani kuwa kwanciyarsa ya yi a tsakiyar fili ya miƙe ƙafa. Mai shi wani dattijo ne ya zo ya durƙusa yana lallashinsa, da ya tashi aka tafa masa fiye da wanda ya zo na ɗaya. A ranar na gane mutanen nan ba don cin gasa suke zuwa ba. Da yawansu tsofaffi ne da ke zaune su kaɗai, karen ne abokin hirarsu, shi ke fitar da su waje safe da yamma, kuma abin da aka tara a irin wannan rana galibi wajen kula da karnukan da masu su suka rasu ko suka kasa riƙewa yake tafiya. Kinga maƙwabciyarki da ta ce ki raka ta ba ƙaramin matsayi ta ba ki ba.

Maganar tsoro kuma, ki gaya mata gaskiya tun a gida, ba abin kunya ba ne kuma za ta kula da ke. Duk karen da ke wurin da igiya a wuyansa. In ɗaya ya nufo ki kar ki yi ihu kar ki ruga, ki tsaya cak hannu a jiki ki kau da ido, zai shinshina takalminki ya wuce. Kar ki taɓa na kowa sai kin tambayi mai shi, in kuma ba kya son taɓawa ba dole. Kukansu za ki ji mai kauri kamar daga cikin rijiya, in ɗaya ya fara sauran su amsa, ba fushi ba ne haka muryarsu take tun ta farauta. Abu ɗaya da ba zan ɓoye miki ba shi ne yawu, leɓunansu a sake suke, in ya girgiza kai sai ya fantsamo, don haka ki sa kayan da ba ki damu da su ba ki riƙe na canji a jaka saboda sallah. Jakar kuma in da abinci a ciki kar ki ajiye ta a ƙasa, hancin nan ba ya kuskure, kuma cakulan da inabi da albasa guba ne a cikin kare.

TAMBAYA: Anti barka da ƙoƙari. Mun je irin wannan taro da yarana a nan inda muke zaune a Ingila, tun da muka dawo sun hana ni sakat sai na saya musu, musamman irin wanda ya ci gasar dogon kunne. Wani ya ce min wanda ya fi kunne da tattarar fata shi ne na asali kuma ya fi daraja, haka ne?

AMSA: Malam wanda ya gaya maka haka bai yi wa karen adalci ba, kuma wannan maganar tana ci min rai gaskiya. Gasar dogon kunne wasa ce ta rana ɗaya, a auna da tef a yi dariya a watse, amma in mutane suka mai da ita ma'aunin saye to masu haɗa barbara za su riƙa zaɓen wanda ya fi zuzutawa, kare ne kuma zai biya da jikinsa har ƙarshen ransa. Kunnen nan mai nauyi yana toshe ramin kunne iska ba ta shiga, ciki ya jiƙe ya yi wari ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, sai ka ga kare yana ta girgiza kai yana susa har jini. Fatar da ta yi yawa a fuska tana janyo fatar ido ta ƙasa ta zazzago, jan naman ya fito fili ƙura na shiga, tsakanin tattarar kuma ya riƙa ruɓewa in ba a shanya shi ba. Abin ya kai a Crufts ta 2012 da aka fara sa likitan dabbobi ya duba zakarun wasu jinsuna kafin su wuce gaba, zakaran basset na cikin guda 6 da ba su tsallake ba. Aka yi ta surutu a lokacin, amma ni ina ganin daidai aka yi.

Sai baya. Gajartar ƙafarsa wata halitta ce ta guringuntsi da ake gada, ga jiki dogo ga nauyi, shi ya sa faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya kan goce musu, wani har ƙafafun baya su mutu. Ba a barinsa yana dira daga kan kujera ko bayan mota, ɗan kwikwiyo kuma ba a barinsa hawa da saukar bene, in gidanka sama ne babu lif ka yi tunani tun yanzu wa zai riƙa ciccibar kilo 30. Ga kwaɗayi, zai zuba maka idon nan mai ban tausayi kamar bai ci komai ba tun jiya, yara kuma ba sa iya jurewa sai su miƙa masa, ƙiba ta hau kan bayan da ma yake fama. Akwai hawan jinin ido da ke makantar da su, akwai kumburin ciki da murɗewar tumbi wanda in ba a kai asibiti cikin gaggawa ba kisa yake.

Ban ce kar ka saya ba, yana da haƙuri da yara sosai. Amma riƙo ne na shekara 10 zuwa 12, ba ya son zaman kaɗaici, in kuka fita aiki da makaranta kuka bar shi zai yi ta kuka maƙwabta su kai ƙara, in haya kake sai mai gida ya yarda, doka tun Afrilun 2016 ta wajabta a sa masa ɗan guntun na'ura a ƙarƙashin fata mai ɗauke da lambar rajistarsa, kuɗin likitan dabbobi kuma a ƙasar nan ba wasa ba ne sai da inshora. Ka koma wurin 'yan ƙungiyar nan, su ne suka san shi ciki da bai, ka roƙi wani ya bari yaranka su riƙa raka shi yawo na 'yan watanni har da lokacin sanyi da ruwan sama, su kwashe kashi da leda da hannunsu su goge kunne duk sati. In har lokacin suna so, to ka nemi wanda idonsa yake tsaf, fatarsa daidai, yana tafiya ba ya jan ciki a ƙasa, ka ga uwarsa da idonka ka ga takardun gwajin lafiyar iyayen. Ko kuma ka karɓi babba daga masu ceto, an riga an san halinsa.

TAMBAYA: Anti ina da basset mace 'yar shekara 8, bana nake son in shigar da ita rukunin tsofaffi karo na farko amma an ce ranar za a yi zafi.

AMSA: 'Yar'uwa ki sa lafiyarta gaba da furen. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi, ita kuma ga shekaru ga jiki dab da ƙasa tana kwasar hucin da ke tasowa. Ki ɗora bayan hannunki a kan kwalta, in ba ki iya daƙiƙa 5 ba to tafin ƙafarta ma ba zai iya ba, ku bi ta ciyawa. Ki tafi da ruwa mai yawa da kwanonta da laima, ku zauna a inuwa sai an kira rukuninku, kuma ko na minti kaɗan kar ki bar ta a mota ko da gilas a buɗe. In kika ga hakin ya yi yawa, harshe ya yi jajir, tana tangaɗi ko amai, ki kai ta inuwa ki kwara mata ruwan sanyi a jiki nan take kina yi ana kiran likita, kar ki lulluɓe ta da jiƙaƙƙen tawul don yana riƙe zafi. In akwai tafki a kusa ki riƙe igiya da kyau, ba su iya iyo sosai ba. Daren ranar ki goge mata kunne ki yanke farce, da safe ki ba ta abinci kaɗan da wuri, in kuma hasashen yanayi ya nuna rana za ta ƙwalle ki kira masu shirya taron ki tambaya ko za a fara da rukunin tsofaffi kafin hantsi ya ɗaga.