Farin ruwa mai ƙaiƙayi: hukuncin salla da wanke cikin gaba

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni matar aure ce a Rigasa. Wata huɗu ke nan ina fama da farin ruwa mai gudaji-gudaji kamar awara, ga ƙaiƙayi mai hana barci, kuma kusan wuni yake zuba. Kowace salla sai na canza kamfai, na sa yatsa na wanke ciki da ruwan zafi da Dettol, sannan na yi matsi da miski, domin a Islamiyya an ce mana tsarki ba ya cika sai da haka. Na sha kafso daga kyamis, ya lafa ya dawo. Malam, sallata tana yi kuwa?

Amsa: Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa. Sallarki ta yi, kuma ba rama ko ɗaya a kanki. Wannan ruwa ba haila ba ne, ba ya hana salla ko azumi, ba ya wajabta wanka.

Maganar alwala ta rataya ne a kan kalmarki ta "kusan wuni". A mazhabar Malikiyya, abin da ke fita ba da ikon mutum ba, idan ya kai rabin lokaci ko fiye, salas ne, hukuncinsa hukuncin mai yoyon fitsari: ba ya warware alwala, sabuntawa mustahabbi ne kawai idan babu wahala. Abin da ya taɓa tufafi kuma an yi rangwame a kansa muddin yana zuwa kullum. Da a ce sau ɗaya ko biyu yake zuwa ya ɗauke, da sai mu ce ki wanke, ki sake alwala.

Amma abin da ya fi damuna shi ne wankin nan sau biyar. Wannan fahimta ta yaɗu a tsakanin mata, kuma kuskure ce. Ibn Abi Zaid ya faɗa ƙarara a cikin Risala, littafin da ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni, cewa ba a ɗora wa mai tsarki wanke abin da ya ɓuya na mafita biyu ba. Abin da ya bayyana idan mace ta tsuguna, shi ake wankewa. Masu wancan ra'ayi suna kafa hujja da hadisin Nana A'isha, inda Annabi (SAW) ya umarci wata mata ta ɗauki ƙyalle mai miski ta bi gurbin jini da shi. Hadisin ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim. To amma yaushe? Bayan wankan haila, sau ɗaya a wata, domin gusar da ƙarnin jini. Ina aka samo yin sa a kowace salla? Kuma mustahabbi ne, mustahabbi kuwa yana faɗuwa idan ya zama cuta. Balle ma abin da ake ɗurawa a 'yan kwalabe ana sayarwa a Kasuwar Barci da sunan miski, galibinsa turare ne na haɗin sinadarai. Wasu kuma sai su ce ai tsafta tana cikin imani. Gaskiya ne, sai dai tsaftar da ke ƙona fata ta buɗe wa cuta ƙofa ta fita daga abin da ake nufi. Ni a ganina, yadda kike yi ɗin nan haramun ne da zarar kin san yana cutar da ke, kuma yanzu kin sani.

Ga yadda likitoci suka bayyana abin. Allah ya halicci wasu ƙwayoyin halitta masu amfani a cikin gaban mace, su ke riƙe da ɗan tsamin wurin, suna kuma taimakawa wajen hana naman gwarin da ake kira Candida yin yawa, wanda alamun da kika faɗa suka yi kama da nasa. Dettol da sabulu da alif da ruwan zafi suna kashe masu gadin. Kafson da kika sha ma, idan maganin bakteriya ne, haka yake yi, ba ya taɓa naman gwari, sai ma ya share masa fili. Kin ga ke nan da hannunki kike ciyar da ciwon, kina zaton ibada kike yi. Kada ki ga kamar ke kaɗai ce, wajen mata 3 cikin 4 sukan gamu da shi ko sau ɗaya ne a rayuwa, kuma ba alamar ƙazanta ko alfasha ba ne.

Ki bar wankin ciki daga yau. Ruwa zalla a waje, daga gaba zuwa baya, ki tsane jiki. Kamfai na auduga, wanda ya bushe a rana, ba wanda aka rataye bayan ƙofa ya kwana da laima ba, musamman da damina. Ki ajiye na roba mai matse jiki ƙarƙashin zani da hijabi a zafin Kaduna.

Wata huɗu ya wuce na kyamis. Ki je asibiti, ko Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada ko Barau Dikko, a ɗebi ruwan a gwada, ki kuma nemi a auna miki sukari, domin ciwon suga yana sa abin ya riƙa dawowa. Idan kina da ciki ki faɗa tun farko, akwai ƙwayar da ba a ba mai juna biyu. Nuna wa likita al'aura don magani ya halatta, mace ta fi idan an samu. Maganin cusawa kuma ki sa shi da dare, sai ki fita daga saɓanin malamai idan kina azumi.

Ban san ko kina da abokiyar zama ba. Idan gwaji ya nuna ba naman gwari ba ne, wata cuta ce da ake ɗauka ta saduwa, irin mai ruwa kore-kore mai kumfa da wari, to wajibi ne maigida ya sha magani, ita ma haka, a lokaci guda. Ɓoye mata don kishi zalunci ne, kuma cutar za ta zagayo ɗakinki ranar girkinki. Ki gaya masa a hankali, ba da sigar tuhuma ba. Idan saduwa tana yi miki zafi, kina da uzurin jinkirtawa har ki warke, bai halatta ya tilasta ki ba.

Allah ne mafi sani.