Yadda Amurka Ta Biya Sojojin Da Yaƙin Basasa Ya Naƙasa

Tambaya: Malam, bayan yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, wane tallafi gwamnati ta ba sojojin da suka dawo gida da rauni? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Tun ana cikin yaƙin, a Yulin 1862, majalisa ta yi dokar fansho. Ƙaramin sojan da ya naƙasa gaba ɗaya yana karɓar dala 8 a wata, laftanar kanar kuma dala 30. Likitan da hukumar fansho ta naɗa shi ke duba shi ya auna girman raunin. Sai kuma soja ya kawo shaidar cewa a bakin aiki ya ji raunin. A nan mutane da yawa suka maƙale, domin takardun asibitin fagen daga sun ɓace, abokan da za su yi masa shaida kuma sun rasu ko sun watse.

Dokar 1890 ce ta kawo sauƙi: duk wanda ya yi kwana 90 a soja kuma ya kasa aikin ƙarfi, ko da ciwon bai samo asali daga yaƙi ba, ana ba shi dala 6 zuwa 12 a wata. Sojojin jihohin Kudu da suka ɓalle daga tarayyar Amurka, waɗanda aka ci da yaƙi, ba su samu ko sisi daga gwamnatin tarayya ba. Jihohinsu ne suka riƙa ba su ɗan abin da ya samu.